Cibiyar Sanata a Gindin Rumbu

"Da hannun nan nawa na haƙa ramin," in ji Ɗanliti, ya ɗaga hannun dama sama don kowa ya gan shi da kyau. "Da 'yar fartanyata, ina ɗan shekara bakwai. Na haƙa, aka sa cibiyar Sanata, na mai da ƙasa na daddanne da ƙafa. Duk muƙamin da mutumin nan ya hau a duniya, a kan dannawar ƙafata yake tsaye."

A gindin kukar da ke tsakiyar Kukar Tsaba yake wannan bayani, can ƙasar Shanono, yana zaune a kan kututturen da ya shekara arba'in yana zama. Wurin har ya yi santsi ya ɗauki fasalin mazauninsa. Ko akuya ba ta hawa.

Malam Mika'ilu tela, wanda ke jan salla in liman ya yi tafiya, ya tsayar da keken ɗinkinsa.

"Ɗanliti, shekararka nawa?"

"Ya danganta da wanda ya tambaya."

"Bara da aka zo rajistar takin matasa, cewa ka yi arba'in da biyar."

"Waɗannan shekarun gwamnati ne. Yanzu na Allah nake faɗa maka."

"To tun yaushe aka fara barin namiji wurin binne cibiya? Ai aikin ungozoma ne."

"Shi ya sa na ce maka ina yaro. Yaro ai ba namiji ba ne, ɗan aike ne. Malam, ka koma kan wandon mutane."

Abin da ya ta da maganar kuwa shi ne, Sanata Kamaruddeen a Kukar Tsaba aka haife shi, ko da yake garin bai taɓa cin moriyar haka ba. Ubansa mai awon gyaɗa ne da aka turo wata kaka, shekara sittin da wani abu da suka wuce. Ya zo da matarsa da tsohon ciki, ta haihu, gyaɗa ta ƙare, suka koma birni tun ba ta gama wankan jego ba. Jaririn ya girma ya yi malamin makaranta, ya yi shugaban ƙaramar hukuma, ya yi kwamishina, ya yi gwamna shekara takwas cur. A shekara takwas ɗin nan ko kwalbati bai tuna Kukar Tsaba da ita ba. Sai da ya sauka, ya ɓata da jam'iyyarsa, ya shiga wata, ya tafi Majalisar Dattawa, furfura ta fito, sannan ya tuna marigayiya mahaifiyarsa tana ba shi labarin yadda take ɗauko tulu daga rafi da cikinsa. Ya yi alkawari zai haƙa rijiyar burtsatse mai sola da tanki a daidai inda aka binne cibiyarsa, sadaka gare ta. Masu mugun baki suka ce zaɓe ne ya matso. To, ruwa dai ruwa ne.

Matsalar ɗaya ce. Babu wanda ya san gidan da mai awo ya sauka. Tsofaffin da suka sani kusan duk sun riga mu gidan gaskiya.

Shi kuwa Ɗanliti tuni ya gama lissafinsa. Rijiya in ta faɗo cikin gidansa, makulli a aljihunsa yake. Safe da yamma sai an yi masa sallama. Mika'ilu da kansa sai ya bi layi da jarka. Har ya raɗa wa kansa sarauta, Sarkin Ruwan Kukar Tsaba, yana gwada ta a baki in ya shiga bayan gida.

Ranar Laraba Sanata ya turo yaronsa na ofis, wani mai suna Jamil, da takalmi mai tsini da waya biyu. Dagaci ya tara dattawa, kowa ya ce Allah bai sanar da shi ba. Mika'ilu ya ce, "Da za a samu Inna Tabita, ita ce ke bin surukarta ungozoma a zamanin. Sai dai tana Bacirawa wurin jikanta."

"Tabita?" in ji Ɗanliti. "Ai ta rikice. Ran nan an ce ta gai da turmi, ta tambaye shi yara. Alhaji Jamil, taso mu je, kada a ɓata maka lokaci. A gidanmu suka sauka. Ni nake yi wa uwarsa ɗiban itace."

Suka ɗunguma. Da suka shiga tsakar gida Jamil ya ce, "Baba, ina ne daidai wurin?"

Ɗanliti bai shirya wa wannan tambaya ba. Ya juya ido hagu da dama, ya miƙa yatsa, yatsan ya tsaya a gindin rumbu. Shi kansa bai san abin da ya ja yatsan can ba.

Rumbun nan kuwa ba abin wasa ba ne. Na ƙasa ne, ƙato, yana tsaye a kan duwatsu shida, da jinka a kansa kamar malafa. A ciki akwai dami arba'in na gero da dawa, abincin gidan ke nan har kaka, ga shi ana cikin bazara, ko ruwan shuka bai sauka ba.

Jamil ya ɗauki hoto da waya ɗaya, ya yi magana da ɗayar, ya ce Sanata zai zo da kansa ranar Asabar ta sama, da motar haƙa.

Larai matar Ɗanliti tana tsaye bakin madafi da muciya a hannu. Ta bari sai da baƙi suka fita.

"Malam, cibiyar wa?"

"Ta Sanata mana."

"Shekara talatin ina sharar gindin rumbun nan, ban taɓa jin ka ambata ba."

"Sirrin gwamnati ne."

"To ka ji nawa sirrin. Ka yi ƙaryarka a gindin kuka, iska ta kwashe. Amma hatsin nan da guminmu ni da 'ya'yana. In zangarniya ɗaya ta taɓa ƙasa, kai da tuwo sai a gidan suna."

"Ke dai ki fara koyon zaman matar sarki."

Washegari ya samo farar ƙasa ya zagaye wurin, ya kafa allo, ya sa aka rubuta masa: NAN AKA FARA. Ya ajiye tabarma ya zauna yana ba masu zuwa kallo tarihi. A bakin Ɗanliti, babu matakin da Sanata ya taka ba da shawararsa ba.

"Ranar suna ya ɗaga hannu haka, kamar mai gai da jama'a daga mota. Na ce wa uwarsa, Inna, wannan gwamna ne. Da zai shiga takarar farko ya aiko a tambaye ni, na ce ya shiga. Da zai canza jam'iyya ma..."

"Wace ya bari, wace ya shiga?" in ji Mika'ilu daga bakin zaure.

"Ya bar ta da, ya shiga ta yanzu. Kai komai sai an yi maka dalla-dalla?"

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Sai Maimunat mai ƙosai ta zo da yamma, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ɗanta zai zauna jarrabawar fita sakandare, ko Baba zai taimaka mata da ɗan ƙasar wurin, ta jiƙa masa. Ƙasar da ta fitar da gwamna ai ba za ta kasa fitar da takardar sakandare ba.

Ɗanliti bai taɓa jin an roƙe shi wani abu da durƙuso ba. Ya ji kansa ya yi girma har hularsa ta matse shi.

"Ɗebi. Amma a hankali, tana da ƙarfi. Tsunkule ɗaya kansila ne. Cokali shugaban ƙaramar hukuma. Kada ki wuce tafin hannu, sai yaro ya zama gwamna tun bai shirya ba."

Maimunat ta cika gefen zaninta ta ƙulle.

Kafin Juma'a labari ya gama unguwanni. Mata suka riƙa zuwa da leda, da gwangwanin madara, da ƙoƙo. Mai ciki ta ɗiba, mai goyo ta ɗiba, wata tsohuwa ta ɗibar wa jikan da ba a ma yi auren iyayensa ba. Suna ajiye masa goro da ƙwan zabi. Malam Mika'ilu ya tashi bayan sallar la'asar ya yi wa'azi mai zafi, ya ce wannan camfi ne tsagwaronsa, mulki na Allah ne, ba a tsintarsa a gindin rumbu. Jama'a suka ce gaskiya ne Malam, suka fita, suka aiki matansu.

Ranar kasuwa mutanen ƙauyukan gefe suka ji. Wani mai neman kansila daga wajen Tofa ya zo da buhu da shebur a bayan babur. Ɗanliti ya ce masa buhu ya yi yawa, sai dai in shugaban ƙasa yake nema. Mutumin ya ce ai ba laifi a yi tanadi.

Ranar Talata ramin ya kai gwiwa. Ranar Laraba ya kai ƙugu, ya kuma karkata ya shige ƙarƙashin rumbu, don kowa so yake ya ɗebo ta can ciki, wai ta fi kusa da cibiyar. Ɗaya daga cikin duwatsu shida ya zame ya faɗa ramin. Rumbu ya ɗan sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar suruki.

Larai ta kamo hannun rigar mijinta ta jawo shi.

"Dubi."

"Na gani. Gaisuwa yake yi. Ko rumbu ya san abin da ke ƙarƙashinsa."

"A kwashe hatsin nan yau a kai ɗakina."

"A kwashe? Sanata ya zo ya ga rumbun Sarkin Ruwa fayau? Ke ba ki san siyasa ba."

Ya ɗauko turminta ya cusa a gurbin dutsen, ya kawo itace biyu ya tokare rumbun ta gefe. Ya ja da baya ya duba aikinsa.

"Ko injiniyan da ya yi wa Sanata gadoji iyakarsa ke nan."

"Da me zan yi daka?"

"Ki ara. Kwana uku ne. Bayan nan inji zan kafa miki."

Larai ta juya. Ta ɗauki mayafi ta fita, ta nufi gidan da ake cajin waya.

Ranar Alhamis wani tunani ya faɗo wa Ɗanliti. Motar haƙa ƙatuwa ce, ta ina za ta shiga? Zaurensa ko jaki da mangala sai ya karkace. Ya ari diga ya fara sarar katangar gidansa ta gabas. Maƙwabta suka fito.

"Ɗanliti, lafiya?"

"Hanya nake wa ci gaba."

"Ka bari masu motar su zo su gani mana."

"Gwamna ma da zai yi titi sai da ya rushe gidaje. Ni da shi tarbiyya ɗaya ce."

Kafin azahar ya buɗe gibin da raƙumi biyu za su jera. Ci gaba bai iso ba, amma awakin unguwa sun iso. Suka cinye shanyar kuɓewar Larai, suka tuntsurar da tukunyar miya, wani bunsuru ya tsaya yana sosa ƙeya da ɗaya daga cikin itacen tokara. Ɗanliti ya yini yana kora yana haki. Masu wucewa a hanya kuma yanzu har cikin madafi suke hangowa, suna yi wa Larai sannu da aiki.

Asabar da asuba ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, irin wanda manoma ke fitowa su tsaya a ciki suna hamdala. Ya cika ramin taf. Gindin rumbu ya jiƙe ya yi laushi kamar tuwon da ya kwana. Turmi ya nutse rabi.

"Alhamdu lillahi," in ji Ɗanliti. "Kun gani? Tun ba a kawo mota ba ruwa ya fito."

Da hantsi aka ji jiniya. Motoci suka shigo a jere suna fantsala taɓo, motar haƙa a baya tana gurnani. Maroƙa da masu kalangu suka tare hanya. Garin kaf ya taru a gibin katangar Ɗanliti, na gaba a tsakar gida, na baya a kan danga da bishiya. Direban motar haƙa ya leƙo ya dubi gibin ya ce ai da ba a rushe ba, bututu suke ja daga waje. Ɗanliti ya yi kamar da wani ake.

Sanata ya fito, dattijo mai jiki, da farar babbar riga da tabarau. Ɗanliti, cikin rigar aro da ta fi shi tsawo, ya ture dagaci ya ture liman, ya buɗe hannuwa.

"Kamaru! Ashe za a sake ganawa!"

Sanata ya dubi Jamil. Jamil ya raɗa masa wani abu. Sanata ya yi murmushin 'yan siyasa, wanda ke shiga kowace fuska daidai, ya kama hannun Ɗanliti da hannu biyu.

"Baba, an ce kai ka san mahaifiyata."

"Sani? Ni nake ɗauke ka in za ta yi wanka. Ka taɓa yi min fitsari a wuya. Na ce ba komai, na manya albarka ne."

Aka yi dariya, Sanata ma ya yi. Aka kai shi bakin ramin. Ya tsaya ya dubi jan ruwan da ke ciki, ya dubi turmin, ya dubi rumbun da ya sunkuyo kansa.

"Wa ya haƙa wannan?"

"Masoyanka, ranka ya daɗe."

Sanata ya cire tabarau. Murmushin ya tafi. Ya ɗaga hannuwa yana yi wa mahaifiyarsa addu'a a hankali, idonsa ya kawo ruwa, wuri ya yi tsit. Ko Mika'ilu sai da ya sunkuyar da kai.

Shirun nan ne Ɗanliti ya kasa jurewa. Ga jama'ar da bai taɓa samu ba, ga Sanata, ga masu ɗaukar hoto, kuma ba shi ake saurare ba. Ana shafa fatiha ya nemi a ba shi lasifika, Jamil ya ɓoye ta a bayansa. Sai ya hangi tsanin da ake hawa ɗebo hatsi. Ya jingina shi da rumbu, ya tattare rigar aro, ya fara hawa.

"Malam, sauko!" in ji Larai.

"Jama'ar Kukar Tsaba!" Ya hau mataki na uku. "Yau shekara sittin da..." Ya hau na huɗu. "Mutumin nan da kuke gani, ya yi malami, ya yi ciyaman, ya yi kwamishina..." Kowane muƙami da matakinsa. Da ya ce gwamna yana na takwas. Da ya ce Sanata ya kai ƙarshen tsani, ya dafa jinka, ya saki hannu ɗaya don ya nuna ƙirjinsa.

"Kuma duk wannan, wa ya danne ƙasar?"

Turmi ya ce ɓulum, ya nutse. Itacen da bunsuru ya sosa ya zame. 'Yan sanda suka suri Sanata kamar buhun auduga suka yi gefe da shi. Rumbu ya yi wani dogon nishi, ya tafi a hankali, kamar tsohon da zai yi sujada, sannan ya faɗi rim, ya dare biyu. Dami arba'in suka watse cikin taɓo. Jan ruwan ramin ya yi tsalle ya sauka a farar babbar riga, daga wuya har ƙasa.

Da ƙura ta lafa aka nemi Ɗanliti aka rasa. Sai aka ga jinka tana motsi a tsakiyar gida, ƙafafu biyu sun leƙo ta ƙarƙashi. Awaki kuwa ba su jira an yi musu izini ba.

Larai ta tsaya ta dubi abincin shekararta a cikin caɓi. Ba ta yi kuka ba. Ta tuɓe mayafi ta ɗaure ƙugu, ta fara tsamo zangarniya ɗaya-ɗaya tana karkaɗewa. Mata biyu-uku suka kama mata, wasu suka bi awaki da kara.

Aka ɗage jinka. Ɗanliti ya tashi zaune, ciyawa a gemu, taɓo a ido, ya tofar da ƙasa.

"Kada kowa ya tsorata," in ji shi. "Buɗe wuri ya yi da kansa don mota ta samu fili."

Daidai nan babur ya tsaya a bakin gibin. Wani mutum mai suna Zakariya ya sauko da kakarsa daga baya kamar mai sauke ƙwai. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, ta haura tamanin, da sanda da ɗan gicciye a wuya. Larai ta ɗago kai.

"Sannu da zuwa, Inna Tabita. Kin gan ni nan."

"Na gani, 'yar nan. Da kin kira ni tun Litinin." Ta dogara sanda ta ratsa jama'a har gaban Sanata, ta ɗaga kai ta ƙare masa kallo. "Kai ne ɗan mai awo?"

Sanata ya daina goge riga. "Ni ne, Inna."

"Ka yi ƙiba. Da kamar ɓera aka haife ka, ba wanda ya ce za ka kwana. Uwarka 'yar doguwa, mai wushirya, ba ta cin kuka sai kuɓewa."

"Wallahi ita ce." Sanata ya durƙusa a cikin taɓon, da rigar da komai. "Ta sha ambaton wata Tabita da ke dafa mata ruwan wanka."

"Ni ce. Surukata ce ungozoma, amma bayanta ya ƙage a shekarar, ita ke yanka cibi ni ke binnewa. To me ya kawo ka gidan Ramlatu?"

"An ce a nan muka sauka."

"Wa ya ce?"

Jama'a suka dare, suka bar Ɗanliti a fili. Tsohuwa ta matso ta sa masa ido.

"Au. Ɗan Ramlatu. Kai ne aka ce ka ce na gai da turmi?"

"Inna, ai ƙarin gishirin mutane ne..."

"Ga shi kai ka binne naka. Mai awo bai taɓa kwana gidan nan ba. Rumfa aka yi masa a gindin kuka, kusa da sikelinsa, don kada a sace gyaɗa. A nan matarsa ta haihu. Na binne cibiyar a gabas da kukar, na sa aka gangaro wani kututture aka ɗora a kai saboda karnuka."

Sai Mika'ilu ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Kututture! Ɗanliti, shekara arba'in kana zaune a kan Sanata!"

Ɗanliti ya miƙe yana karkaɗe riga. "To me kuka ɗauka nake yi a wurin? Gadi nake. Na kawo ku nan ne don in ɓatar da sawu, saboda maƙiya."

Sanata ya tashi, yana dariyar da ba ta hoto ba. Ya ce wa Jamil a juya motar haƙa zuwa gindin kuka, tsakiyar gari, inda ba mai riƙe wa wani makulli. Dagaci ya ce madalla. Maroƙa suka ɗauki kiɗa.

Amma Maimunat mai ƙosai ba ta motsa ba. Ta matso kusa da tsohuwa.

"Inna, to wannan ƙasar da muka ɗiba fa? Ba komai a cikinta ke nan?"

"Wace ƙasa?"

Aka yi mata bayani. Tabita ta dubi ramin, ta dubi inda ɗakin Ramlatu yake a da, ta auna da sanda daga nan zuwa can, taki ɗaya, biyu, uku. Ta tsaya daidai bakin ramin.

"A'a, akwai cibiya a nan. Kafin a gina rumbun, nan ne bayan ɗakin Ramlatu. Ni na binne ta da hannuna, wata ranar Litinin, kaka biyu bayan tafiyar mai awo." Ta nuna Ɗanliti da sanda. "Ga mai ita nan."

Maimunat ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku! Tafin hannu uku na jiƙa wa yaron nan! Shi ya sa jiya ya ce min shi ya koya wa malaminsu lissafi!"

"Ni a kunun jaririya na sa!"

"Wayyo, ni da ciki na sha!"

Mai neman kansila daga Tofa ya zame ta bayan jama'a ya nufi babur ɗinsa. Mika'ilu yana ta dariya yana share hawaye yana cewa, "Na faɗa muku! Ban faɗa muku ba?" Sai ya ga matarsa Asiya ta rufe fuska da mayafi tana ja da baya.

"Ke kuma lafiya?"

"Malam, ka yafe ni. Na ga ka daɗe kana na'ibi. Kwana huɗu ke nan ina sa maka a koko."

Dariyar Mika'ilu ta tsaya a maƙogwaro. Ya juya ya fuskanci danga yana kakari.

Larai ta zo ta dangwara wa mijinta faifai a ƙirji. "Sarkin Ruwa, durƙusa ka tsince. Ƙwaya ɗaya kada ka bari. In ka gama ka shiga ramin ka fito min da turmina."

Ɗanliti ya karɓi faifan. Ya dubi motar haƙa tana ficewa, jama'a na bin ta, ya dubi 'yan tsirarun da suka rage. Ya gyara murya.

"To ai kun ji da kunnenku. Na ce akwai cibiyar babban mutum a wurin nan, ga shi an tabbatar. Kuma ramin nan, ko Inna ba za ta musa ba, ina wurin aka haƙa shi. Da hannun nan nawa..."

"Kana wurin kam," in ji Tabita, tana kama kafaɗar jikanta za ta hau babur. "Kana kwance cikin tsumma, hannun nan naka a dunƙule, kana tsala ihu har ana ji a rafi. Surukata ta ce a ba shi nono ya yi shiru. Ga shi har yau ba a samu wanda ya iya ba."